Sitiyari na rawa, birki na nutsewa: yadda ake gano ciwon tsohuwar akori-kura

Duk wanda ya bi hanyar Wudil ranar Juma'a, ko ta Maigatari ranar Alhamis, ya san cewa har gobe tsofaffin akori-kura ne ke riƙe da kasuwar ƙauye. Buhunan gero da wake a ƙasa, awaki a ɗaure a gefe, mutane kuma a saman kaya. Wasunsu Peugeot 404 ne da 504, daga cikin waɗanda masana'antar Kaduna ta riƙa haɗawa tun da ta fara aiki a 1975, wasu kuma tsofaffin Hilux ne da suka wuce hannu biyar ko shida. Injin irin waɗannan motoci yana samun kulawa, domin ranar da ya ƙi tashi babu na cefane. Sitiyari da birki da ƙafa kuwa a hankali suke lalacewa, hannun direba yana sabawa da su, har ya daina jin akwai matsala. Sai ranar da wani baƙon direba ya karɓi motar ya sauko yana salati. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, kuma a nan ne yake cin rai.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne waɗannan cututtuka uku gida ɗaya suke. Duk abin da sitiyari ya umarta da abin da birki ya nema, a wurin da taya ta taɓa ƙasa ake zartar da shi, kuma wurin bai fi tafin hannu girma ba a kowace taya. Aikin ƙafar mota shi ne ta danne tayar a ƙasa, ta riƙe ta a daidai. Idan ƙafa ta saki, sitiyari zai yi yawo ko da sabo ne, birki kuma zai fizgi mota gefe ko da jiya aka gyara shi. Shi ya sa bakaniken kirki ba ya fara aiki da sayen kaya, da bincike yake farawa, daga mai araha zuwa mai tsada.

A fara da taya

Taya tana ɗauke da tarihin motar a jikinta. In gefe biyun suka cinye tsakiya na nan, iska ce ta yi kaɗan. In tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. In gefe ɗaya ne kawai ya cinye, ƙafar ta karkace, kuma galibi akwai wani abu da ya saki a ciki. In ka shafa da hannu ka ji tudu da kwari a jere, shokozoba ce ta mutu taya ke tsalle a kan titi. A auna iska da geji tun taya tana da sanyi, kada a dogara da bugun ƙafa. A kuma duba shekarunta: a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Sau da yawa motar da ake kuka da ita cewa tana ja gefe, taya ɗaya ce kawai ba ta kai 'yar uwarta iska ba.

Sitiyari mai sako-sako

Wannan gwaji mutum biyu ke yin sa. A ajiye mota a wuri mai lebur, tayoyi a miƙe kuma a ƙasa. Ɗaya ya zauna yana girgiza sitiyari dama da hagu a hankali, ɗayan yana kallon taya. Tazarar da sitiyari ke tafiya kafin taya ta motsa ita ake aunawa, kuma a irin waɗannan motoci bai kamata ta wuce milimita 30 ba, kusan faɗin yatsu biyu. In ana juya shi faɗin hannu guda kafin taya ta amsa, motar ba ta cancanci hawa titi ba.

Daga nan sai mai kallo ya duƙa da fitila, ya bi motsin daga sama har ƙasa: sandar sitiyari da mahaɗarta, akwatin sitiyari, sannan tayarod. Abin da ake nema shi ne wurin da ƙarfe ɗaya ya motsa na kusa da shi bai bi ba. In ka ɗora tafin hannu a kan mahaɗar tayarod da ta lalace, za ka ji ƙas-ƙas kafin ido ya gani. Duba robar da ke rufe ta. In ta yage, giris ya fita, ƙura da yashi sun shiga, to kwananta ya ƙare. Peugeot 404 da 504 na amfani da doguwar sanda mai haƙora, tsofaffin Hilux kuwa akwati ne da hannuwa, kuma a cikinsu hannun da ke ɗaya gefen yana tallafar sandar tsakiya yakan cinye bushin ɗinsa. A duba ƙusoshin da suka ɗaure akwatin da shasi, da shasin kansa ko ya tsage.

Akwai wata ƙusa a saman akwatin da wasu ke gaggawar ɗaurewa da zarar an ce sitiyari na wasa. Ita ce ta ƙarshe da ya kamata a taɓa. In an matse ta fiye da kima, sitiyari zai yi tauri, ya daina komowa tsakiya bayan an sha kwana, haƙoran ciki su cinye, alhali tayarod ɗin da ta jawo matsalar tana nan yadda take.

Sai a ɗaga gaban mota. A sa weji a tayoyin baya, a tokare shasi da ƙarfen tokara ko katako mai kauri, domin jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashinsa ba ne. Riƙe taya gaba da baya ka girgiza: in ta yi wasa, tayarod ce. Riƙe ta sama da ƙasa: in ta yi wasa, boljoyin ne ko biyarin. Don bambancewa, wani ya taka birki. In wasan ya ɓace biyarin ne, in yana nan boljoyin ne. Boljoyin ba abin ɗaga wa ƙafa ba ne, domin ranar da ya fita daga gurbinsa taya na kwantawa ne a ƙarƙashin mota tana cikin tafiya.

Birki yana magana ta ƙafar direba

Birki ƙarfin gudu yake mayarwa zafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa, kuma in aka ninka gudu sau biyu, tazarar tsayawa na ninkuwa sau huɗu. Ƙarin lodi ƙarin zafi ne a kan birkin da aka ƙera don abin da bai kai haka ba.

Kowane irin taku da ma'anarsa. In birki ya yi laushi yana lotsawa, iska ce ta shiga layin mai, ko kuma tiyon roba ya tsufa yana kumbura. In ka danne ka riƙe, ka ji yana nutsewa a hankali har ƙasa, to ko mai na zuba a wani wuri, ko robobin cikin masta sun cinye. In sai an yi famfo sau biyu yake kamawa, a fara duba birkin baya, wataƙila layinin ya yi nisa da duram. In kuma ya yi tauri motar ba ta tsayawa, sabo ne, wato na'urar da ke ƙara wa takun birki ƙarfi, ya daina taimako. Gwajinsa ba wuya: a kashe mota, a taka birki sau biyar, a riƙe shi, sannan a tayar. In sabo na aiki, ƙafa za ta ɗan nutsa. A motar dizal, a duba famfon da ke zuƙo masa iska da tiyonsa.

Motar da ke fizgewa gefe idan an taka birki, ɗaya gefen ne ba ya kamawa. Ko fistin ya cije, ko man gurbin taya ya jiƙa layinin. Leƙa bayan kowace taya. Danshi a wurin shaida ce.

Man birki kuma yana tsufa, domin yana zuƙar danshin iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205, amma in ya sha ruwa yakan sauko zuwa wajen 140. A doguwar gangara, irin ta saukowa daga Jos da lodi, zafin birki na iya tafasa tsohon mai, tururi ya cika layi, ƙafa ta tafi ƙasa babu komai. Shi ya sa ake canza shi duk bayan shekara biyu, kuma ake sauka gangara da ƙaramar giya. Zuba man inji ko na giya a madadinsa kumbura robobi yake yi. Ruwan sabulu, da toshe layin da ke yoyo da ƙusa don a ƙarasa kasuwa, wasa da rayukan fasinja ne.

Ƙafa da sifirin

Tsaya a bayan mota babu kaya, ka dube ta. In ta karkata gefe, sifirin ya gaji ko ganye ɗaya ya karye. In wanda ke bin ta a baya yana ganin tana tafiya a kaikaice, ƙusar tsakiyar sifirin ta yanke, gatarin baya ya goce daga mazauninsa. A duba ƙusoshi masu lanƙwasa da ke ɗaure sifirin da gatari, da bushin na kowane ƙarshe. Danna kusurwar mota da ƙarfi ka saki: lafiyayyar shokozoba sau ɗaya take bari mota ta taso ta tsaya. Wadda mai ya jiƙa jikinta ta gama aiki, kuma bibbiyu ake canza su.

Ƙara ganyen sifirin don a ƙara lodi al'ada ce a garejinmu, amma sifirin kaɗai aka ƙarfafa, birki da biyarin da taya suna nan yadda suke. A Hilux ma akwai wani bawul da ke haɗe da gatarin baya, wanda ke auna yadda mota ta zauna ya raba ƙarfin birki. In an ɗaga bayan mota ba a sake saita shi ba, zai ɗauka babu kaya, ya rage wa tayoyin baya birki a daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Alaimen shi ne na ƙarshe. Yin sa a kan tayarod mai wasa asarar kuɗi ce, ramin farko zai warware shi. Wajen sayen kaya kuma, ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano ko Panteka a Kaduna, ana iya lallaɓawa da ƙofa ko fitila ta gwanjo, amma boljoyin da tayarod da tiyon birki a nemi sababbi masu kyau.

Duk wannan bincike bai fi awa ɗaya ba, kuma jak da weji da abin tokara da geji da fitila da abokin aiki kawai yake buƙata. Masu motoci da shugabannin tasha su mayar da shi ƙa'ida duk wata, ba sai jami'an kiyaye haɗurra sun tare hanya ba. Direban da ya ji birkinsa na nutsewa ko tayarsa na wasa, ya ajiye motar har a gyara, ko da ranar kasuwa ce.