Kafin a kafa gida, a duba fili

Ba kowane fili ne ya dace da gini ba. Wani fili yana da kyaun gani da rani, amma da damina sai ya zama tafki. Wani kuma yana kan tudu, amma babu ruwan sha kusa da shi. Garuruwa uku na arewacin ƙasar Gana suna nuna abin da ya kamata a duba.

Abu na farko shi ne ruwan sha. A da, fatake Hausawa suna zuwa Salaga sayen goro. Suna zuwa da jakuna masu yawa, ga shi babu babban kogi a cikin garin. Saboda haka mutane suka yi ta haƙa rijiyoyi, har aka riƙa kiran Salaga garin rijiya dubu. A Yendi kuwa, ruwan famfo daga kogin Daka ake jawo shi. Idan rani ya yi tsanani, kogin yakan ja baya, sai mata da yara su yi tafiya mai nisa neman ruwa. Don haka mai neman fili yakan fara tambaya: ina rijiya, kuma tana kai wa ƙarshen rani?

Abu na biyu shi ne hanyar ruwan sama. A yammacin Bawku akwai kogin Nakambe, wanda ya fito daga Burkina Faso. A Gana ana kiran sa Farin Bolta. A shekara ta 2007 an yi ruwa mai yawa, kogin ya cika ya yi ambaliya. Gonaki sun nutse, gidajen ƙasa da yawa sun rushe. Waɗanda ke zaune cikin kwari su suka fi shan wahala. Shi ya sa mai hankali yakan je ya ga fili a watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa. Yakan kuma tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya saba kwanciya.

Abu na uku shi ne irin ƙasar. Magini yakan haƙa rami mai zurfin mita 1, ya cika shi da ruwa. Idan ruwan ya tsotse, to da sauƙi. Idan ya kwana a ramin, akwai laka a ƙasa. Laka tana kumbura da damina, ta dare da rani, sai bango ya tsage. Jar ƙasa mai tsakuwa ta fi riƙe tushen gini. Ana kuma duba ko filin yana da faɗi, domin a haƙa masai nesa da rijiya, kamar mita 30.

Daga ƙarshe sai a bincika mai filin. A waɗannan garuruwa, yawancin filaye suna hannun sarakuna da dangi. Wanda ya yi gini ba tare da izni da takarda ba, yana iya rasa gidansa. Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane.

Tambayoyi

1. Don me ake kiran Salaga garin rijiya dubu?
2. Me ya faru kusa da Bawku a shekara ta 2007?
3. Yaya magini yake gane akwai laka a fili?
4. Ina ruwa yake kwanciya a unguwarku da damina?