Linzamin Pelham ga Doki Mai Taurin Baki

'Yan'uwa manoma, a ƙasar Bichi da Dambatta da Kunci gona tana manne da gona. Da damina hanyar da ke tsakani 'yar siririya ce. In ingarma ya ƙwace wa mahayinsa a nan, ba fili zai nufa ba, geron maƙwabci ko gyaɗarsa zai tattake, kashegari kuwa sai gaban mai unguwa. Domin haka mai doki yakan tafi wurin maƙeri ya ce a ƙera masa linzami mai zafi.

Linzaminmu na gargajiya kowa ya san shi. Yana da harshe na ƙarfe a cikin baki, da zobe wanda ya kewaye haɓa. In an ja, harshen ya tokare ganɗa, zoben ya matse muƙamuƙi. Da shi mahayan hakimai suke tsai da doki cak a gaban sarki ran hawan salla. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa. Amma a hannun yaron da aka aika kasuwa, sai ka ga kumfa da jini. In ciwon ya warke wurin ya yi kanta, dokin ya daina ji, mai shi kuma ya ƙara fizga.

Akwai wani linzami da Turawan Ingila suke kira Pelham. Masu wasan ƙwallon dawaki suna yawan aiki da shi. Wasan kuwa ba baƙo ba ne a arewa, gama ya kafu a Katsina tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ɗansa Usman Nagogo kuma ya shahara a cikinsa. Dokin wasan nan dole ya tsaya nan take, ya juya nan take.

Ƙarfen da ke shiga baki sumul yake. A kowane gefe akwai 'yar ƙafa mai zobe biyu, ɗaya daidai da baki, ɗaya a ƙasa, da 'yar sarƙa a bayan haɓa. Igiya biyu ake ɗaura masa. Ta sama tana taɓa leɓe da harshe da dasashi a hankali, da ita ake tafiya, da ita ake juyawa. Ta ƙasa in an ja ta, ƙafar ta karkata baya, sarƙa ta matse haɓa, maɗaurin kai ya danna ƙeya, sai dokin ya sunkuyar da kai ya rage gudu. To, a nan amfaninsa yake. Ka riƙe ta sama a ɗame, ta ƙasa sako-sako. Sai lokacin da ya so ƙwacewa za ka taɓa ta ƙasa, da ya ji kuwa ka sake ta. Wanda ya rataya a kanta wuni guda ya koma gidan jiya. Ka sa baduku ya yanka ta ƙasa ta fi siranta, domin yatsunka su rarrabe su ko ba ka duba ba.

Wajen sawa, kada ƙarfen ya matse leɓe, kada kuma ya yi ta yawo cikin baki. Ya zauna a gurbin nan da ba haƙori, tsakanin haƙoran gaba da turame. Murɗa sarƙar ta kwanta shimfiɗe, ka bar wurin yatsa biyu tsakaninta da haɓa. Ta fara matsewa sa'ad da ƙafar ta kai rabin hanya tsakanin tsaye da kwance. Waɗansu sukan haɗa zoben biyu da guntuwar fata su hau da igiya ɗaya. Ya fi sauƙin riƙewa, amma kowane ja sai sarƙa ta ciji haɓa, ni kam ban ga riba a ciki ba.

Ba lalle kowa ya saya ba. Ƙungiya tana iya neman guda ɗaya ta hannun yaran barga na masu wasan a Kano ko Katsina, ta kai wa maƙeri ya duba ya ƙera irinsa. A dai tabbata ya goge shi sarai, ba kaifi ko kaɗan.

Kafin a kashe kuɗi, a buɗe bakin dokin tukuna. Turamen doki sukan yi kaifi su yanka kumatu, sai ya riƙa kaɗa kai yana ja. Wannan aikin malamin dabbobi ne, shi zai goge su. A duba abincinsa kuma. Ingarman da ya kwana bakwai a turke yana cin dawa ba aiki, ba ƙarfen da zai riƙe shi ran da aka kwance shi. A rage masa hatsi, a ƙara harawa, a riƙa fita da shi kowace safiya. In an dawo a cire linzami a wanke, a ɗaure shi da ragama.