VINCENT ENYEAMA: GOLAN DA YA SHA ZUMA YA SHA MAƊACI

'Yan'uwa mata, nasan wata za ta ce me ya haɗa mu da ƙwallo, ai wannan harkar su yaya ce. To ku ɗan yi haƙuri ku karanta, don labarin nan ya fi kama da na zaman kishi. A cikin 'yan wasa goma sha ɗaya da ke shiga fili, mai tsaron gida, wato gola, ɗaya ne tal. Ɗan gaba in bai samu wuri a tsakiya ba sai a tura shi gefe, amma shi gola in koci bai zaɓe shi ba, to sai zaman benci, ya zuba ido wani na cin kasuwarsa.

An haifi Vincent Enyeama a 1982, ɗan asalin jihar Akwa Ibom ne. Tauraronsa ya fara haskawa a kulob ɗin Enyimba na garin Aba, inda suka ci kofin zakarun Afirka a 2003, abin da babu wani kulob na Nijeriya da ya taɓa yi kafin su, suka kuma maimaita a 2004. Amma ku ji wani abin takaici. A wasan ƙarshe na 2004 da Etoile du Sahel ta Tunisiya, yaron nan ya tsare raga tun daga farko, da aka ga za a je bugun fenareti sai koci ya cire shi ya sa Dele Aiyenugba, wai shi ya fi iya kamawa. Aka ci kofi, aka yi ta ɗaga Dele sama. Kin daka, kin tankaɗe, kin tuƙa, wata ta zo ta kwashe ta kai wa maigida! A shekarar ce kuma ya yi mummunan haɗarin mota, Allah Ya yi da sauran kwana a gaba.

A 2005 ya tafi Isra'ila, ya fara da Bnei Yehuda, daga baya ya koma Hapoel Tel Aviv a 2007. Can ne abin mamaki ya faru. Mutumin da ake cirewa in an zo fenareti, sai ga shi shi ne ake kira ya baro ragarsa ya zo ya buga wa kulob ɗinsa fenareti, kuma yana ci. Har a gasar zakarun Turai ya zura wa Lyon ta Faransa ƙwallo a 2010. A wannan shekarar ce ya hana Messi sakat a gasar kofin duniya, duk da an ci Nijeriya ɗaya da nema, shi aka ba gwarzon wasan.

Da kulob ɗin Lille na Faransa ya ɗauke shi a 2011, kowa ya ce shi ke nan kakarsa ta yanke saƙa. Ina! Ya tarar da uwargida a ɗakin, wato Mickael Landreau, golan da suka ci kofin Faransa da shi. Shekara guda cur Vincent na ɗumama benci, mutumin da duk Afirka ke ji da shi. Ƙarshe ma sai aka bayar da aronsa, ya sake komawa Isra'ila wajen Maccabi Tel Aviv. Wani da tuni ya yi zuciya, shi ko ya je ya taya su cin kofin ƙasar a 2013, shekarar da ya ɗauki kofin Afirka da Nijeriya.

Da ya dawo Lille an yi sabon koci, Rene Girard, shi ya miƙa masa ragar. Jama'a, sai ya ce ga wuri! Wasa goma sha ɗaya a jere ba a zura masa ƙwallo ba, minti 1,062 ke nan raga na kulle kamar an yi mata asiri. Saura minti 114 ya kamo tarihin da Gaetan Huard ya kafa na minti 1,176, sai ranar 8 ga Disamba 2013 ɗan wasan Bordeaux ya buga wata ƙwallo ta daki ɗan bayan Lille, wato nasa na gida, ta karkace ta faɗa raga. Allah Sarki! Duk da haka a 2014 shi aka ba kyautar Marc-Vivien Foe ta ɗan Afirkan da ya fi kowa a gasar Faransa.

Shekara huɗu yana cin karensa babu babbaka, har watan Afrilu 2017 da ya ji ciwo a gwiwa aka yi masa tiyata. Yana cikin jinya aka kawo koci Marcelo Bielsa, ya ce ba ya cikin lissafinsa, aka ware shi daga manyan 'yan wasa, aka ba wani matashi Mike Maignan ragar. Ni dai a ganina ba laifi ba ne a sa yaro, ai shi ma yana yaro aka sa shi, amma mutumin da ya yi muku wannan bauta bai cancanci a jefar da shi yana ɗingishi ba. Bielsan ma bai kai ƙarshen shekarar ba aka sallame shi, sai dai hakan bai dawo wa Vincent da wurinsa ba. Kakar wasa guda ta wuce bai kama ƙwallo ko ɗaya a gasar ba, a watan Agusta 2018 aka raba gari.

Tun daga nan bai sake tsare ragar wani babban kulob ba. Shi kuwa Maignan, da shi Lille ta ci kofin Faransa a 2021, sannan ya tattara ya koma AC Milan ta Italiya.