Biktoriya: Sunan Sarauniya a Wuraren da Ba Ta Taɓa Takawa Ba

Duk wanda ya san Legas ya san Tsibirin Biktoriya, unguwar bankuna da manyan attajirai. Asalin sunan daga harshen Latin yake, ma'anarsa nasara, kuma da shi Rumawan da suke kiran gunkiyar da suke roƙo ta ba su galaba a yaƙi. A Ingila bai bazu ba sai da wata budurwa 'yar shekara 18 mai wannan suna ta hau gadon sarauta a 1837, ta shekara 63 tana mulki.

Daga nan iyaye suka yi ta raɗa wa 'ya'yansu mata. Kiristocin Nijeriya ma sun ɗauka. Shi ne sunan uwargidan Janar Yakubu Gowon. Wannan ba abin cewa. Uba ne ya yi wa 'yarsa fatan alheri, kamar yadda wani zai sa wa ɗansa Nasiru ko Mansur.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wurare. A 1855 David Livingstone ya iso inda kogin Zambezi yake rikitowa daga kan dutse, ya tarar mutanen yankin suna kiran wurin Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa, saboda feshin ruwan da rugugin da ake ji daga nesa. Suna ne na waɗanda suka zauna da wurin, suka san halinsa. Duk da haka ya laƙaba masa sunan sarauniyarsu. Bayan shekara uku John Speke ya yi wa tafki mafi girma a Afirka haka nan, alhali Baganda suna ce masa Nalubaale tun kaka da kakanni. Ita kuwa mai sunan har ta rasu a 1901 ba ta taɓa sa ƙafa a Afirka ba.

Wasu sun gyara, kuma ina ganin sun kyauta. Garin Biktoriya na gaɓar tekun Kamaru, wanda ɗan mishan Alfred Saker ya kafa a 1858, ya koma Limbe a 1982, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo. Babbar tashar jirgin ƙasa ta Mumbai, wadda ita ma take ɗauke da sunan Biktoriya a da, ta karɓi sunan Sarki Shivaji a 1996. Tafkin ne ya fi wuya, domin ƙasashe uku suke tarayya a kansa, Yuganda da Kenya da Tanzaniya, kuma al'ummomin da ke bakinsa kowace da sunan da take kiransa.