Ciyawar da ba a shukawa

Yara, kun san filin ƙwallonmu. Da rani, rairayi ne da ƙura. Da damina, ƙarangiya ta fito, ruwa ya kwanta a gaban gola, wasa ya tsaya.

A manyan birane akwai filaye masu ciyawa kore shar, rani da damina. Ba a shuka ta. Ba a sa mata taki. Akuya ba ta cin ta. Sunanta ciyawar roba.

A masana'anta ake yin ta. Ana soka zaren roba cikin wani ƙyalle mai ƙarfi, zaren ya tsaya tsaye kamar ciyawa. Na filin ƙwallo, tsawonsa santimita 4 zuwa 6. Ana naɗe ta, a ɗauka, a shimfiɗa, kamar tabarmar kaba da ake saƙawa wajen Gazawa da Agye.

Ga asalinta. A shekarar 1965 aka buɗe wani filin wasa mai rufi a birnin Houston na ƙasar Amurka. Hasken rana yana shiga ta rufin, yana kashe wa ƴan wasa ido. Sai aka shafa wa rufin fenti. Da ciyawa ta rasa rana, sai ta mutu. A 1966 aka shimfiɗa ta roba a madadinta. A 2015, a ƙasar Kanada, a kan irin wannan ciyawa aka yi gasar ƙwallon mata ta duniya.

Yanzu mu bi ƴan kasuwar Maradi zuwa bakin teku, Kwatano da Legas. A can ana shimfiɗa ta a makarantu da unguwanni, har da tsakar gidan mai hali. Amma ruwa ya yi musu yawa. A Maradi, ruwan shekara wajen milimita 500 ne. A Kwatano ya wuce 1,000, a Legas ma ya fi haka. Mu muna haƙa rijiya gaba da yawa kafin mu tarar da ruwa. A Kwatano, rami kaɗan, sai ruwa.

In ka shimfiɗa tabarma a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, me zai faru? Za ta yi wari, ta lalace. Saboda haka babban aiki yana ƙarƙashi, inda ido ba ya gani. Ga yadda ake yin sa:

1. A kwashe ƙasar sama da saiwoyi duka.
2. A daidaita fili, a ba shi ɗan gangare: kowace mita ɗaya ta sauka da wajen santimita ɗaya. Ido ba ya ganin wannan gangare, amma ruwa yana bin sa.
3. A haƙa ƙananan hanyoyi, a binne bututu masu huji. Su ne ke kai ruwa waje.
4. A shimfiɗa wani ƙyalle mai barin ruwa ya wuce, ya tare laka.
5. A zuba tsakuwa manya, a daddale. A zuba ƙanana a kai, a sake daddalewa.
6. A shimfiɗa ciyawa, a haɗa bakunanta da gam ko da ɗinki. Bayanta yana da huji, don ruwa ya sauka.
7. A watsa yashi mai tsabta a tsakanin zare, don ya danne ta, zaren ya tsaya. A filin ƙwallo ana ƙara garin tsofaffin tayoyin mota, don fili ya yi taushi.

Wanda ya yi gaggawa ya tsallake aiki na 2 da na 3, damina ɗaya za ta tona masa asiri. Ruwa ya kwanta, gam ya saki, ciyawa ta tattare, yaro ya yi tuntuɓe ya faɗi. Kuɗi sun tafi, fili bai samu ba.

Bayan an gama, sai kula. A bakin teku iska tana da laima. Gansakuka tana fitowa a inda inuwa take, fili ya yi santsi. Dole a share ganye, a taje ciyawa da buroshi. Iskar teku kuma tana ɗauke da gishiri, ƙarfen gola ya yi tsatsa. Shi ya sa ake zaɓen ƙarfen da ba ya tsatsa. Ko da kula, bayan shekara 8 zuwa 10 ciyawar takan tsufa, a sake wata. Garin taya ma ruwa yana kwashe shi zuwa teku. Don haka a 2023 Tarayyar Turai ta yi doka: daga 2031 ba za a ƙara sayar da shi don filin wasa ba.

A ƙasarmu fa? Mu rana ce matsalarmu. A watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40. Roba tana riƙe zafi fiye da ciyawar Allah, har ta wuce digiri 60. Mai wasa ba takalmi zai ƙone ƙafa. Ƙurar hunturu kuma tana toshe hujin ciyawa.

Ciyawar roba tana da tsada. Amma dabarar mutanen bakin teku ba ta kuɗi ba ce. Ko a Gidan Runji, kusa da Gulbin Maradi, ko a kan jigawa, dokar ɗaya ce: mai gyaran fili ya fara ba ruwa hanya.

Tambayoyi

1. Me ya kashe ciyawar filin Houston?
2. Don me ake ba fili gangare?
3. Mene ne matsalar ciyawar roba a Kwatano? Mene ne matsalarta a ƙasarmu?
4. Faɗin fili mita 20 ne. Da santimita nawa zai sauka daga wannan gefe zuwa wancan?

Aiki

Ku samo gwangwani biyu, ku huda gindinsu. Ku zuba tsakuwa a ɗaya, laka a ɗaya. Ku zuba musu ruwa daidai wa daida. Wanne ya riga tsiyayewa?

In an yi ruwa, ku zagaya filin makaranta tare da malam. Ku kafa tsinke duk inda ruwa ya kwanta. Washegari ku kawo ƙasa ku cike wurin.