Yadda Zane Ke Ƙarfafa Hujja

'Yan uwa ɗalibai da iyayenmu, sau da yawa mukan ce "yara sun yi yawa, azuzuwa ba sa isa." Gaskiya ne, amma wanda ke riƙe da kuɗin gini zai tambaye mu: sun kai nawa?

Ga ƙidayar jama'ar Nijar: a 1977 mun ɗan haura miliyan 5, a 1988 miliyan 7, a 2001 miliyan 11, a 2012 kuma miliyan 17. In an karanto su a jere, kunne ya ji ya manta. Amma mu ja layi a kwance don shekaru, wani a tsaye don yawan mutane, mu ɗiga kowace ƙidaya a wurinta, mu haɗa ɗigon. Sai mu ga layin yana ƙara miƙewa sama. Daga 1977 zuwa 1988 an ƙaru da kusan miliyan 2. Daga 2001 zuwa 2012, shekara 11 ɗin dai, an ƙaru da miliyan 6. Ko wanda bai iya karatu ba zai gani da idonsa.

Sai dai fa a kula. In layin tsaye ya fara daga miliyan 5 maimakon sifili, hawan zai fi yadda yake tsanani, mai wayo kuwa zai kama mu. Sannan adadin ƙasa baki ɗaya bai nuna halin unguwarmu ba. Wannan sai mun buɗe rajistar makaranta, mu ƙirga ɗaliban kowace shekara da azuzuwan da ke akwai, har da na zana, mu zana namu.