Haƙƙin Mawaƙi da Takunkumin da Ake Sa Masa

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da kundin haƙƙin ɗan Adam a 1948, wanda sashensa na 19 ya tabbatar wa kowa hurumin bayyana ra'ayinsa, kuma Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya maimaita hakan a sashe na 39, malaman shari'a suna lissafa waƙa cikin abin da wannan hurumi ya ƙunsa, ko da yake hukuma na da ikon iyakance shi domin kare tarbiyya da zaman lafiya.

A Kano aka fi ganin taƙaddama tsakanin wannan hurumi da ikon hukuma a zahiri, inda aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, aka ɗaure mawaƙi Adam A. Zango wata uku a 2007 saboda ya fitar da kundin waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya ba tare da an tace shi ba, sa'an nan aka kama mawaƙi Aminu Ala a 2009. Hujjar mahukunta ita ce hana fasadi, kuma ba hujja ce ta banza ba. Amma idan alƙalamin tacewa ya karkata ga mawaƙin da ya soki masu mulki, to lalle al'amarin ya fita daga babin tarbiyya ya shiga na zalunci.

A ƙananan hukumomin Batsari da Safana kuwa, takunkumin ba na hukuma kaɗai ba ne, domin 'yan bindigar dajin Rugu sun sa kalangu da gangar noma sun yi ƙaranci a ƙauyuka da dama, kuma da aka katse layukan waya a can a Satumbar 2021, matasan da ke yaɗa waƙoƙinsu ta waya sun rasa hanyar isa ga masu sauraro.